Wankin ciki, Flagyl da kindirmo: su wa ke zaune a hanjinmu?

Maman Hanif: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah masu ilimin lafiya a taimaka min da shawara. Maigidana ya daɗe yana fama da kumburin ciki da yawan gyatsa, yau gudawa, gobe kuma ya kasa zagawa. Ya sha Flagyl, ya sha Cipro, aka yi masa gwaji aka ce taifot ne, ya ƙara shan wani. Yanzu wata mata a Abuja tana tallar wani kafso a Facebook wai shi furobayotik, ta ce hanjinsa ne ya mutu, sai an zuba masa sababbin bakteriya. Kuɗin ba kaɗan ba ne. In saya?

Ɗan Gangare: Wa alaikumus salam. Hajiya riƙe kuɗinki. Dattin ciki ne kawai. A samo masa na wankin ciki wajen masu magani a Terminus, ya sha da asuba, kafin azahar ya fitar da komai ya huta.

Anti Nas: Ɗan Gangare ka ji tsoron Allah. Mutum ya sha antibayotik kala uku a jere, cikinsa bai dawo daidai ba, kai kuma ka ce a ƙara masa abin da zai sa shi zawo? Dattin me ya rage a ciki?

Ɗan Gangare: Anti ai iyayenmu da shi suka rayu.

Dakta: Wa alaikumus salam. Maman Hanif, Allah ya ba shi lafiya. Hanji ba ya mutuwa mai shi yana yawo a gari, wannan zancen talla ne. Amma akwai ƙamshin gaskiya a maganarta, shi ya sa take shiga kunne. A jikin baligi akwai bakteriya da aka ƙiyasta sun kai tiriliyan 38, kusan dukkansu a babban hanji, nauyinsu gaba ɗaya wajen giram 200. A 2016 aka fitar da wannan lissafi. Da can ana cewa sun ninka ƙwayoyin halittar jikinmu sau goma, sai sabon lissafin ya nuna kusan kunnen doki ake yi.

Kuma ba zaman banza suke yi ba. Dusar hatsi, ɓawon wake, zaren ganye, duk jikinmu ba shi da abin narkar da su. Haka suke wuce tumbi da ƙaramin hanji su isa babban hanji, a can bakteriya ke cinye su, su fitar da wasu sinadarai. Ɗaya daga ciki ana kiransa butiret, shi ne babban abincin ƙwayoyin da suka lulluɓe bangon babban hanji. Iskar da ke fita ma daga wannan aikin take.

Alhaji Baba: Dakta, ni abin da na sani bakteriya ita ke kawo kwalara da taifot. Yau kuma ita ce mai gadin jiki?

Dakta: Ranka ya daɗe, masu kawo cutar 'yan kaɗan ne a cikinsu. Ka ɗauki kasuwar Farin Gada da safe: in kowace rumfa da mai ita a zaune, baƙo ba ya samun inda zai shimfiɗa buhunsa. Na kirkin suna cinye abincin, su cika wurin, sai mai kawo cuta ya rasa wajen kama zama. Antibayotik kuwa ba ya tantancewa, duk wanda ya tarar kwashewa yake.

Maganar garkuwar jiki ta fi haka zurfi. Kaso mai yawa na sojojin jiki a jikin bangon hanji suke, domin nan ce ƙofar da abin waje ya fi shigowa. Kullum hanji yana zubo wani sinadarin kariya mai suna IgA cikin yauƙin da ke bangonsa, yana riƙe bakteriya kada su ƙetare iyaka. Masu bincike sun rene ɓeraye a cikin akwatin da babu ƙwayar bakteriya ko ɗaya, sai aka ga garkuwarsu ba ta gama ginuwa ba, IgA ɗinsu kaɗan ne, cuta kuma tana saurin kayar da su. Butiret ɗin nan yana taimakawa wajen samar da wani rukunin sojoji waɗanda aikinsu shi ne kwantar da sauran, su hana su kai wa abinci ko hanjin kansa hari. In wannan sulhun ya lalace, ana iya samun ciwon da garkuwa ke cin bangon hanji, mutum ya yi ta gudawa da jini shekara da shekaru, irin cutar Crohn. A masu ita an sha ganin ire-iren bakteriyarsu sun ragu, musamman masu yin butiret. Ko raguwar ce ta jawo ciwon, ko ciwon ne ya rage su, masana na kan muhawara, kuma da alama kowanne yana ingiza ɗan'uwansa.

Maman Hanif: To Dakta, magungunan da ya sha sun kashe nasa ke nan gaba ɗaya?

Dakta: A'a, suna dawowa, sai dai ba lallai dukansu ba. A Denmark an ba maza 12 masu lafiya antibayotik masu ƙarfi kala uku na kwana 4, aka buga sakamakon a 2018. Cikin wata ɗaya da rabi mafi yawa sun farfaɗo, amma bayan kwana 180 akwai nau'i 9 da kowannensu yake da su a da, waɗanda ba a sake gani ba a jikin mafi yawansu. Wannan fa sha ɗaya ne. Ki kwatanta da wanda duk sanda cikinsa ya yi ƙugi sai ya haɗiyi Flagyl biyu.

Malam Lab: Kuma bari in sa baki a kan taifot ɗin. In gwajin Widal aka yi masa sau ɗaya aka ce yana da shi, ni ban yarda ba. Widal yana auna martanin jiki ne, ba ya ganin ƙwayar. A gari irin namu mutane da yawa za su nuna shi suna lafiya lau, zazzaɓin cizon sauro ma yana iya ɗaga shi. Abin dogaro shi ne a shuka jini a ga ko ƙwayar za ta tsiro. Kuma taifot zazzaɓi ne mai zafi da ke kwantar da mutum, ba kumburin ciki na watanni ba.

Kawu Mai Kemis: Na ga duk kibiyar wajenmu ta nufo, to bari in yi magana. Dakta, mutum ya zo min da daddare, cikinsa na murɗa, abin da ke aljihunsa ba zai buɗe masa kati a asibiti ba balle gwaji. Ya ce Flagyl yake so. In na hana shi, shago na gaba zai ba shi, har da Ampiclox a kai. Wasu ma ba sa tambayata, cewa suke ba ni na ɗari biyu. Ku da kuke asibiti kun san layin da ake bi kafin a gan ku?

Anti Nas: Kawu ba wanda ya ce laifinka ne kai kaɗai. Amma na ɗari biyun nan shi ne mafi muni. Bai kai ya kashe cutar ba in ma akwai ta, ya dai isa ya koya mata jure magani.

Kawu Mai Kemis: Na sani. Ina faɗa musu. Wanda ya ji a cikin goma bai fi a ƙirga da hannu ɗaya ba.

Dakta: Kawu, maganarka ta layi da kuɗi gaskiya ce, ba zan musa ba. Abu ɗaya nake roƙo: gudawar ruwa wadda babu jini babu zazzaɓi, ka tura masa gishiri da sukari na ORS. Mafi yawanta da kanta take tsayawa cikin 'yan kwanaki. Flagyl yana da wurinsa, kamar atuni na amiba, amma sai an tabbatar.

Maman Hanif: Har yanzu dai ba a ce min in sayi kafson ko kar in saya ba.

Dakta: Kar ki saya. Furobayotik ba abu ɗaya ba ne, kowane nau'i da aikinsa, kuma wanda ya yi amfani a wata cuta ba dole ya yi a wata ba. Akwai shaidar cewa wasu nau'o'in suna rage gudawar da shan antibayotik ke jawowa. Amma a 2018 manyan gwaje-gwaje biyu a Amurka da Kanada kan yara masu amai da gudawa sun nuna wanda aka ba da wanda ba a ba ba duk ɗaya ne. A shekarar dai wani ƙaramin bincike ya ga waɗanda suka sha furobayotik bayan antibayotik, bakteriyarsu ta asali ta fi jinkirin dawowa. Sannan abin nan mai rai ne. Kwalbar da ta sha zafi a mota daga Legas zuwa Abuja zuwa Jos, wa ya san me ya rage a ciki? Da kuɗin ki kai shi ya ga likita a yi gwajin bahaya. In yana rama, ko yana ganin jini, ko bahayansa baƙi ne kamar kwalta, ko gudawa na tashinsa cikin dare, ko ya haura shekara 45 abin ya fara masa sabo, to kada a jira. Mun sha ganin ciwon dajin hanji da aka shekara ana yi masa maganin basir.

Maman Hanif: Ba ya rama, babu jini. Za mu je in sha Allah. Na gode, Allah ya saka.

Hajiya Inna: Ni duk wannan dogon bayani abin da na fahimta shi ne mun bar abincinmu. Da a gidanmu a Unguwar Rogo, gwate ne da yakuwa da alayyafo da gauta, tuwon acca, fate, ɗanwake, kwaɗon zogale. Yanzu jikokina in ba Indomie ba burodi da shayi. Masarar ma sai an surfe ta an cire dusar tas an ba awaki, mu mu ci farin.

Dakta: Hajiya Inna, kin yi rabin karatun. A wani bincike da aka buga a 2010, an kwatanta bahayan yaran wani ƙauye mai suna Boulpon a Burkina Faso da na yaran birnin Florence a Italiya. Yaran ƙauyen gero da dawa da wake da ganye suke ci, irin namu sak. Aka tarar suna da bakteriya masu narka dusa irin su Prevotella da yawa, waɗanda kusan babu su a yaran Italiya, sinadarai irin butiret ma nasu ya fi. A wani bincike kuma da aka buga a 2015, an yi musayar abinci na mako biyu tsakanin baƙaƙen fata 20 na Amurka da mutanen karkara 20 na Afirka ta Kudu. Cikin mako biyun nan, Amurkawan da suka koma cin masara da wake butiret ɗinsu ya ƙaru, alamun kumburi a bangon hanjinsu suka ragu. Na karkarar da aka ba nama da mai da soye-soye nasu ya juya baya.

Baban Sadiya: Dakta a yi haƙuri, a nan zan ja da ku. In abincin ƙauye haka yake da albarka, me ya sa yaran ƙauye ne ke mutuwa da gudawa da tamowa, ba yaran Italiya ba? Kada mu zauna a Jos da ruwan leda a hannu muna waƙar ƙauye.

Hajiya Inna: Ai ban ce a sha ruwan rafi ba, ɗana.

Dakta: Baban Sadiya, tambayarka a wurinta take. Dusa daban, ƙazanta daban. Yaron da kullum yake haɗiyar ƙwayoyin bahaya ta ruwa da hannu da ƙasa, bangon ƙaramin hanjinsa yana zama cikin kumburi, ko an ba shi abinci ba ya tsotsa yadda ya kamata. A Malawi an bi tagwaye, ɗaya da tamowa mai kumbura jiki ɗaya lafiya, gida ɗaya tukunya ɗaya. Aka ɗebi bakteriyar kowanne aka sa wa ɓerayen nan marasa bakteriya, aka ba su irin abincin yankin. Waɗanda suka karɓi ta mai tamowar suka rame. A 2013 aka buga wannan. Wato rashin abinci da lalacewar bakteriya tare suke aiki. Abin da muke nema shi ne tukunyar Hajiya Inna da ruwa mai tsabta da allurar rigakafi, ba ɗaya a bar ɗaya ba.

Baban Sadiya: To da sauƙi. Amma ni wake in na ci, masallaci ma sai na sake alwala sau biyu.

Anti Nas: 😂 Ka fara da kaɗan kaɗan, ka jiƙa shi ya kwana ka zubar da ruwan. Ciki yana sabawa.

Ɗan Gangare: To kindirmo fa? Ba shi ne furobayotik ɗin talaka ba?

Dakta: Kindirmo da nono suna ɗauke da bakteriya masu rai, su ne ma ke sa tsamin. A wani binciken jami'ar Stanford da aka buga a 2021, an sa mutane cin abinci mai tsami irin yogot na mako 10, ire-iren bakteriyarsu suka ƙaru, alamun kumburi a jini suka ragu. Mutanen kaɗan ne, 36 gaba ɗaya aka raba gida biyu, don haka kada a mai da shi magani. Koko da kunu kuma an dafa su, bakteriyar ta mutu a wuta, amfaninsu na hatsin ne.

Likitan Dabbobi: Salam. Mu da muke bin ruga ta wajen Vom da Barkin Ladi bari mu ƙara wani abu. A tabbatar an tafasa madarar kafin a sa ta ta yi tsami. Ɗanyar madara tana iya ɗauko tarin fuka na shanu, da cutar da ke sa shanu ɓari wadda Fulani ke kira bakkale. A jikin mutum zazzaɓi take sawa mai tafiya yana dawowa, da gumin dare da ciwon gaɓoɓi, a yi ta ba shi maganin taifot da maleriya a banza. Tsami kaɗai ba abin dogaro ba ne. Kindirmo na gaskiya ana dafa madararsa, shi ya sa na fi natsuwa da shi. Sai kuma ruwan da ake damawa da shi a kan hanya, shi ma abin dubawa ne.

Hajiya Inna: Ni mai kawo min nono shekara da shekaru ita ce, kuma na san tana dafawa.

Malama Rikkos: Tun da an zo nan, ni olsa ce ke damuna. An ce yawan zama da yunwa ne da barkono. Ita ma bakteriya ce?

Dakta: Malama, yunwa da yaji suna iya tayar da zafin, amma manyan masu haƙa gyambon biyu ne: wata bakteriya mai zama a tumbi, Helicobacter pylori, da magungunan ciwon jiki irin diclofenac da ibuprofen da piroxicam. Wasu likitoci biyu a Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, su suka gano alaƙar a farkon shekarun 1980. Da aka ƙi yarda da su, Marshall ya shanye ƙwayar da kansa a 1984, tumbinsa ya kumbura. Sun karɓi kyautar Nobel a 2005. Abin da zai ba ki mamaki, a arewacin Najeriya mafi yawan manya suna ɗauke da ita tun suna yara. Wani likita mai suna Holcombe da ya yi aiki a Maiduguri ya yi rubutu a kan haka a 1992, yana mamakin yadda ƙwayar ta cika ko'ina amma ba a ganin ciwon dajin tumbi da yawa kamar yadda ake zato. Wasu sun ce abinci ne da tsutsar ciki ke sauya martanin garkuwa, wasu suka ce ba a dai gano masu ciwon ne saboda ƙarancin kayan haska ciki. Ga mai alamu dai, a gwada, in akwai ta a kashe ta. Wannan wuri ne da antibayotik yake da hujja, amma haɗi ne na musamman na kwana 14, ba tsinta-tsinta ba.

Malam Lab: In za ki yi gwajin, na bahaya ko na numfashi ya fi na jini, domin na jini yana nunawa ko an warke. Ki daina maganin olsa irin omeprazole mako 2 kafin gwajin, antibayotik kuma mako 4, in ba haka ba zai ce babu alhali akwai.

Ɗan Gangare: Dakta wai da gaske ne Turawa na sa wa mutum kashin wani a ciki? Na gani a TikTok na ce ƙarya ne.

Alhaji Baba: A'uzu billahi.

Dakta: Gaskiya ne, amma a cuta guda aka tabbatar da shi sosai. Akwai wata ƙwaya, Clostridium difficile, da ke mamaye hanji bayan antibayotik ya share na kirkin, ta sa gudawar da ke iya kisa, kuma ta yi ta dawowa. A wani gwaji na Amsterdam da aka buga a 2013, cikin mutum 16 da aka zuba wa bakteriyar bahayan mai lafiya, 13 sun warke tun karon farko, har aka dakatar da gwajin da wuri don ya fi maganin da aka saba nesa ba kusa ba. Sai an tantance mai bayarwa sosai. A 2019 wani ya rasu a Amurka saboda an sa masa wanda ke ɗauke da ƙwaya mai jure magani. Masu cewa yana maganin ƙiba ko suga ko wai yana gyara ƙwaƙwalwa sun riga ilimin gudu.

Alhaji Baba: Allah kar ya kai mu ga buƙatarsa. In ta kama, sai a tambayi malamai hukuncin lalura.

Maman Biyu: Afuwan na shigo a makare. Ɗiyata wata takwas, haƙori take yi, tun jiya gudawa. Kakarta ta ce a ba ta Flagyl na ruwa kamar yadda aka yi wa yayyenta.

Anti Nas: Ƙanwata kar ki ba ta. Haƙori ba ya kawo gudawa, lokacin ne ya zo ɗaya da fara rarrafe da cusa komai a baki. Mafi yawan gudawar wannan shekarun ƙwayar bairos ce irin rota, Flagyl ba ya taɓa ta, sai dai ya rikita bakteriyar da yarinyar ke kan tarawa. Ki ci gaba da ba ta mama sosai. A cikin nonon uwa akwai wani sukari da jariri ba ya narkarwa, abincin bakteriyar kirkin da ke hanjinsa ne. Ki haɗa ORS da tafasasshen ruwa daidai ma'aunin da aka rubuta a jikin fakitin, ki riƙa ba ta da cokali bayan kowane zawo, wanda ya kai awa 24 ki zubar ki haɗa sabo. Zinc kuma miligiram 20 kullum, kwana 10 zuwa 14, ko da gudawar ta tsaya. An yi mata rigakafin rota? Tun 2022 aka sa shi cikin na yara kyauta.

Maman Biyu: An yi mata, yana cikin katinta. Tana shan mama, tana wasa kaɗan.

Anti Nas: Madalla. In kin ga jini, ko idonta ya faɗa, ko maɗigarta ta lotsa, ko ta ƙi shan komai, ko tana amayar da duk abin da aka ba ta, ko fitsari ya ɗauke, ku tafi asibiti ko da tsakar dare ne.

Kawu Mai Kemis: Zinc ɗin a narka shi a cokali da ɗan ruwan mama, ya fi saurin shiga. In ta amayar nan take, a jira kaɗan a sake ba ta.